Ramin da Na Toshe a Filin Baba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na saka shaddata mai ruwan toka na tafi kulob ɗin masu wasan golf ba. Har yau in abin ya faɗo mini, ko ina tsakiyar gona ne, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni manomin rani ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Bokona bai wuce aji huɗu ba, kuma ba ni da yawo: daga gida sai gona, sai masallaci, sai tabarmar ƙofar gida inda nake ba mutane labari ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Amma a kan ruwa da ƙasa kam ban ga wanda zai koya mini ba. In na bi kunya da safe, kunnena kaɗai ya isa ya gaya mini inda ruwa ke zurarewa.

A wajenmu babu abokin gaba irin ramin gafiya. Ka yi kwanaki kana jiran ruwa ya zo kanka, ka ja shi daga kanal ka cika fangali, kana juya baya rami ɗaya ya kwashe shi ya kai wa maƙwabci. Shi ya sa duk wanda aka haifa a nan, in ya ga rami ba ya shawara da kowa. Laka, dunduniya, an gama. Ko a gonar wanda ba kwa shiri ka gan shi, toshewa za ka yi, daga baya ku ci gaba da gabarku. Ku riƙe wannan a ranku.

Mahaifinmu, Malam Audu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara da shekaru yana aiki a wannan kulob da ke gefen birni. Yakan zo gida ran Litinin ya koma Talata. Mutum ne marar magana (ni dai ban san inda na gado surutu ba). In muka ce, "Baba, aikin me kake yi a can?" sai ya ce, "Gyaran fili." Me ake yi a filin? "Manya ne ke buga ƙwallo ta faɗa rami." Iyakar abin da na sani ke nan. Ƙanena Sani ne ya bi shi tun yana saurayi, har ya kai ga riƙon ƙwaryar shugabancin masu kula da filin.

To sai kulob ya shirya bikin tunawa da tarihinsa, aka ce za a karrama tsofaffin ma'aikata, Baba na ciki. Sani ya zo gida takanas.

"Yaya, kai ne babba, kai za ka karɓa. Amma ka ji: an ce in bikin nan ya tafi daidai za a tabbatar mini da kujerar, in an samu matsala a fili kuwa akwai wani da suke son kawowa daga waje. Don girman Allah in ka je kada ka taɓa komai."

"Ni yaro ne?" in ji ni.

Maiɗakina Hajara, tana tankaɗe a gefe, ta ce, "Sani, da ka ce kada ya faɗi komai ma, da ka haɗa duka."

Na yi kamar ban ji ba.

Na isa da wuri, don ni ba na makara. Sani ya shiga da ni wani babban zaure da aka jera hotuna a bango, yana ba ni labari cikin sauri. Ashe Turawan kamfani masu sayen gyaɗa da fata ne suka kafa wurin tun kafin a haifi Baba. A lokacin babu ruwan shayar da ciyawa, saboda haka wurin da ake ƙarasa wasa ba kore ba ne kamar yanzu. Rairayi ake tankaɗewa, a cuɗa shi da baƙin mai, a shimfiɗa a da'ira, a daddage. Duk wanda ya taka, sai ma'aikaci ya bi da tsohon buhu a jikin sanda ya shafe sawun. Da aka samu rijiyar burtsatse sai aka mayar da ko'ina ciyawa, aka bar da'ira ɗaya tak don tarihi. Ita ce Baba ya fi daɗewa yana kulawa da ita, kuma ita za a sa wa sunansa a ranar.

Sai ga shi a wani hoto. Siriri, babu takalmi, riƙe da sandar buhun nan, yana kallon gefe kamar an tilasta masa tsayawa. Na daɗe a gabansa. Na ce a raina, yau sai mutanen nan sun san Malam Audu ya bar ɗa.

Aka kira Sani, ya ce in zauna a inuwa in jira shi. Na zauna. Wallahi na zauna, har na kusa minti goma. Amma manomi ya ga fili irin wannan ya zauna? Na miƙe na ce bari in ɗan taka.

Ciyawa kamar darduma. Ruwa na fita ta ƙasa yana juyawa da kansa, ba mai riƙe tiyo. Can na ga wasu manyan ramuka cike da farin yashi, kowanne zai ɗauki saniya biyu a kwance. Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane: "To, ga ramukan da Baba yake faɗa. Nan ƙwallon ke faɗawa." (Ban tambayi kowa ba. Me zan tambaya, abu a fili?)

Sai na iso da'irar Baba. Baƙa wuluk, sumul, an kafa rumfa da kujeru a gefenta. Ina cikin yaba aikin Sani idona ya sauka a tsakiya. Rami. Ɗan ƙarami, daidai shigar hannu, baki a buɗe.

Ramin gafiya a wurin da za a sa wa sunan ubana, ranar da ake auna ƙanena! Na dai lura bakinsa ya cika daidaituwa, amma na ce gafiyar birni ce, ita ma da tsari take aiki.

Na tuna gargaɗin Sani, ba zan yi ƙarya ba. Sai na ce wannan ai ba taɓawa ba ce, rufin asiri ne. Na duba babu kowa. Na naɗe hannun riga, na gangara bakin wani tafki da ke kusa, na ɗebo laka mai danƙo cike da hannu biyu. Na cusa, na cire takalmi na bi da dunduniya. Na ƙaro, na sake bi. Sannan na yayyafa baƙin rairayin a kai, na shafe da tafin hannu, na fita da baya ina goge sawuna. Ni da kaina da na waiwaya ban gane wurin ba. Na wanke hannu a tafki na koma inuwa ina jin daɗi. Da Sani ya wuce da gudu har na jawo shi na raɗa masa, "Ka gode Allah da ka zo da ni."

"To, Yaya, to," ya ce, bai ma tsaya ba.

Manya suka hallara, wasu da babbar riga, wasu da gajeren wando da hular hana-sallah. Shugaban kulob ya yi jawabi rabi Hausa rabi Turanci, ni kuma na tsinci na tsinta. Ya ce an cire tsohon kofin ƙarfen da ke zama cikin ramin tun zamanin Malam Audu an goge shi, an ɗinka sabuwar tuta mai sunansa. Yanzu Sani zai mayar da su, sannan memba mafi tsufa, wani Alhaji Garba da aka riƙo hannunsa, ya buga ƙwallo ta faɗa.

Ko a nan ban farga ba. Ina ta kallon manyan ramukan yashi ina tunanin wanne za a kai tsohon.

Sani ya shiga da'ira da kofi da tuta a kan faranti. Ya je tsakiya ya tsaya. Ya matsa hagu. Ya dawo dama. Ya durƙusa yana shafa ƙasa. Na ga gumi ya keto masa ta bayan riga.

"Sani, lafiya?" in ji Shugaba.

"Ranka ya daɗe... ramin..."

"Ramin me?"

"Da safe yana nan."

Aka fara ƙus-ƙus. Ni kuwa na ga lokacin da za a san Malam Audu ya bar ɗa ya yi. Na miƙe, na gyara hula, na ɗaga murya yadda na baya za su ji:

"Ranku ya daɗe, in ramin gafiyar nan ne, kowa ya kwantar da hankalinsa. Na toshe shi tun ɗazu. Ko ruwan kanal aka saki a nan ba zai samu hanya ba!"

Sani ya ɗago ya dube ni, ya dubi kofin da ke hannunsa, ya sake dubana. Ni ma na dubi kofin. Faɗinsa daidai shigar hannu. A nan ne komai ya haɗu mini lokaci ɗaya.

"Yaya," ya ce a hankali, "ka kashe ni."

Fuskar Shugaba ta haɗe. Na ji wani a bayana yana cewa, "Wa ya bar shi ya shigo?" Na durƙusa da shaddata a baƙin mai na fara tono da yatsu. Kuma kun san abin haushi? Ya ƙi tonuwa. Aikin ya yi kyau.

Sai muka ji wani sauti kamar tari. Alhaji Garba ne. Dariya yake yi har sandarsa ta faɗi, hawaye na bin gemunsa. Da ƙyar ya ce, "Ku ɗaga mini shi in gani. Kai ɗan Audu ne?"

"Ni ne babba, Baba."

"Ai ba sai ka rantse ba! Ka toshe ɗaya kake jin kunya? Ubanka uku ya toshe!"

Ya juya ga jama'a. Ya ce yana saurayi mahaifinsa ke kawo shi nan, kuma yana tsaye ranar. An ɗauki Audu yankan ciyawa ne kawai, sabon zuwa daga ƙauye. A satinsa na farko ya bi ramuka uku ya cika su da laka. Baturen da ke kula da wurin ya zo zai kore shi, ya sa a tono, aka yi ta fama. Sai ya tsaya yana kallo, ya ce wanda ya iya danne ƙasa haka, shi ya kamata a ba da'irorin nan. Daga nan aikinsa ya fara.

"Wannan ba ya cikin hotunanku," in ji shi, "amma shi ne tarihin. Yau kun gani da idonku."

Wurin ya kece da dariya, har Shugaba. Sani ya ɗauko ƙarfen yankan rami, ya auna daga gefen da'ira da tafin ƙafa yadda Baba ya koya masa, ya dasa, ya murɗa. Ya zaro lakata a dunƙule kamar curin fura, a daidai wurin, bai kuskure ba ko da yatsa. Na ga Shugaba ya gyaɗa kai. Tsoho ya buga sau uku kafin ta faɗa, aka tafa. Ni kuma na karɓi allon karramawar Baba da baƙin mai har gwiwar hannu. Hoton da aka ɗauke ni a haka yana nan a zaurensu, an ce.

An tabbatar wa Sani da kujerarsa bayan sati biyu. Sai da ya yi wata bai yi mini magana ba, ban kuma ga laifinsa ba. Hajara kuwa har yau in ta ga zan fita sai ta ce, "Malam, in ka ga rijiyar mutane don Allah ka bar musu."

Abin da ya fi tsaya mini shi ne Baba. Shekaru muna zaune da mutumin nan, muna cewa ba ya son magana, ashe yana da dalili. Ni da ban iya shiru ba, ga shi na faɗa muku da bakina.

Darasin da na koya ɗan kaɗan ne. Ramin gafiya har gobe in na gan shi a kunya ba na jiran kowa. Amma in na bar ƙauyenmu, duk ramin da na gani, komai ƙanƙantarsa, sai na fara tambaya ko yana da mai shi.