Mayafin Sanata Bukko

Duk faɗin Rum babu baki irin na Sanata Ofiliyus Bukko. Idan ya hau dandamali ya gyara murya, tantabarun dandali kan watse, kuramen birni su yi wa alloli godiya. Magoya bayansa na kiransa Tsawar Majalisa. Mu maƙwabtansa Ganga muke ce masa, don kowa ya san abin da ke cikin ganga. Mutum ne da ko gishiri zai roƙa a wurin cin abinci, sai ya faro daga kafuwar birni.

Shekarar da ya nemi kujerar alƙalin birni, wannan bijimin ya duba tsadar alkama, ya duba gobara, ya duba ambaliyar kogin Tiba, ya gano tushensu duka: mata suna fita.

"Ya ku mutanen Rum!" in ji shi, hannu a sama. "Kakanninmu sun ci duniya ne saboda matansu na zaune suna kaɗin ulu! Yau fa? Mace a karusa! Mace a dandali! Mace na tambayar me aka tattauna a majalisa! Macen kirki, gidanta da mazarinta. Ni nan, na rantse da Jubita uban alloli, ranar zaɓe ba zan yafa komai ba sai abin da matata ta saƙa da hannunta!"

Aka yi tafi. Ya jira tafin ya ƙare, ya ƙara jira ko da saura.

Matar tasa, Statiliya, ita ce ba ta rasa barkar haihuwa ko zaman makoki a gidajen manya. Ita ke sasanta wannan da wancan, yayyenta kuma su ke juya ƙuri'un ƙauyuka. Duk kujerar da Bukko ya taɓa hawa, takalminta ne ya cinye a kanta. Da bazarta yake rawa, amma ya ɗauka ƙugunsa ne gwani.

Jawabin ya iso kunnenta. Ta aika aka sayo mazari, don gidan babu ko ɗaya, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

"Yau ba za ki gidan shugaban majalisa ba?" in ji Bukko. "An yi musu haihuwa fa."

"Ina ni ina fita, maigida? So kake Rum ta rushe?"

"To yayyenki? Ki ɗan leƙa su, zaɓe ya matso."

"Wannan siyasa ce. Ni da ulu."

Sai gwanin ya tafi wurin surukan da kansa. Ya yi musu jawabi tun naman da aka kawo masa na tururi har kitse ya daskare, ya tuna musu cewa auren 'yar'uwarsu da ya yi alfarma ce ga zuriyarsu. Suka raka shi ƙofa da fara'a, suka aika wa abokin takararsa tulun man zaitun.

Ranar zaɓe Statiliya ta kawo aikin hannunta, tana sunkuyar da kai irin na matan kirki. Zaren wani wuri igiyar guga, wani wuri yanar gizo. Gefe ɗaya ya girmi ɗaya. Tsawon kuwa da ƙyar ya gaisa da gwiwa. Bukko ya miƙa hannu zai ɗauko mayafinsa na kasuwa, sai ya hango mutanen abokin takara cike da ƙofar gida, sun zo taya shi cika rantsuwa. Baki shi ke yanka wuya.

Haka ya ratsa birni zuwa filin zaɓe, ƙafafu waje kamar na shamuwa, hannu ɗaya na riƙe da gaba, ɗaya na tare baya. Duk da haka bai fasa jawabi ba.

"Ku dubi sauƙin kai irin na kakanni!" Ya manta, ya ɗaga hannu biyu. Iska ta yi aikinta.

Wata mai sayar da kifi ta ƙwala murya: "Ranka ya daɗe, kakannin ma dai suna rufe cinya!"

Ya sha ƙasa a zaɓen, har a unguwarmu.

Da la'asar ya dawo gida, karon farko a rayuwarsa ba tare da jawabin gabatarwa ba. Ya tarar da matarsa a kan tabarma, mazari na juyawa.

"Statiliya," in ji Tsawar Majalisa cikin ƙaramar murya, "gobe ki ɗan fita ki sha iska mana."

"Babu hali, maigida," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Na fara maka na baɗi."