Guzurin Dutse

"...da gajiyar kwanciya, amarya? An ce jiki ya yi sauƙi, amma ni ban ga alama ba."

"Lahiya lau, angon banza. Sauƙi ya samu tun da ka yi kwana biyu ba ka zo ka cika mini kunne ba."

Hafizu ke nan da kakarsa Tahira, da hantsi, a ƙofar ɗakinta a Tsibiri. Ya jingine babur ɗinsa na kabu-kabu a zaure, ya shigo da ledar ayaba. Ita kuwa tana kan tabarma ta miƙe ƙafafu tana shan rana. Ba ta daɗe da fitowa daga asibiti a Maraɗi ba, kuma shi ne ya yi ta jigilarta, tana bayansa tana zagin tuƙinsa tun daga Tsibiri har cikin gari.

Ta leƙa ledar, ta ce ayabar ta yi kama da mai ita, ba tsawo ba ƙiba. Duk da haka ta ɓare ɗaya.

Unguwa duka ta san zancen tseren da Hafizu zai je. Wata ƙungiyar matasa ce ta shirya shi can cikin duwatsun Abzin: a hau dutse da gudu, a rarrafa ƙarƙashin raga, a ƙetare kwazazzabo da igiya, a goya kaya a gangaro da su. An zaɓe shi cikin 'yan Maraɗi, shi da bai taɓa hawa abin da ya wuce gaɓar gulbi ba. Tun damina yake fama, yau yana tsallake kanal, wato magudanar ban-ruwa, a Jiratawa, gobe yana gudu cikin rairayi da buhu a baya, har mutane suka fara tambayar uwarsa ko lafiya. Motarsu za ta tashi ranar Alhamis. Shi kuwa abin da ya kawo shi yau, ya zo ne ya shaida wa tsohuwa ya fasa.

"Na hwasa tahiyar nan," ya ce, yana wasa da makullin babur.

"Wace? Ta Makka?"

"Ta Abzin. Na duba na ga ba a barin amarya irinki ita ɗai. Tsohon nan mai goro na bakin kasuwa, ina lura da shi, kullum sai ya tambaye ni jikinki."

"Ya hi ka. Shi bakinshi ne ba kowa, amma akwai zuciya. Kai kuwa baki cike da haƙori, ciki cike da tsoro."

"Ni tsoro? Ni da na tsallake babban kanal na Jiratawa da buhu bisa kai, kwaɗi suka hito suna mini barka?"

"An hwaɗa mini. An ce cikin albasar mutane ka sauka, mai garka ya biyo ka da hauya. Wannan gudun kam, kai ka zo na ɗaya."

"Maƙiya ne suka shirya labarin. Ke ma don kishi kike yaɗa shi, kin san in na je can 'yan mata ba su bari na dawo."

"'Yan matan Abzin? Da waɗanga ƙahwahu naka kamar muciya? Awakinsu ma ba su kallonka."

Ta faɗi haka tana dariya, amma ayabar ta tsaya a hannunta. Tahira 'yar Abzin ce. A wani ɗan ƙauye a gindin dutsen Bagzan aka haife ta, mijinta marigayi Nomau ya gan ta lokacin da yake kai hatsi arewa, ta gan shi ita ma, ta biyo shi da son ranta. Tun daga nan ba ta koma ba. Da fari goyo ne ya hana, daga baya noma, daga baya ciwon Nomau, yanzu kuma gwiwa. Ta iya Hausa har ta fi masu ita baki, ta aurar da 'ya'ya, ta binne miji, amma har yau in la'asar ta yi sai ta ɗaga kai ta dubi yamma, ta ce garin nan ba shi da jingina. A wurinsu, in ji ta, rana ba ta faɗuwa ƙasa a gaban mutane, bayan dutse take shiga. Tun ranar da aka zaɓi Hafizu take cewa zai je ya ba su kunya, kuma tun ranar ta fi kowa sanin yaushe motar za ta tashi.

Sai ta tambaye shi wai shin a duk wannan haukan nasa, ya koyi sauka? Ya ce sauka ai ba a koyonta, ko tulu aka saki daga sama ya iso.

"To haka za ka iso, kamar tulu. Ku mutanen rairayi hawa kawai kuka sani. Dutse ba ya kayar da mai hawa, mai sauka yake jira. Ta da ni."

Ya kama ta ta miƙe. Ta dafa bango ta hau dokin ƙofa, ta juya a kaikaice, ta lanƙwasa gwiwa, ta miƙa ƙafa ɗaya tana laluben ƙasa da gefen tafin. Ta ce haka suke gangarowa da tulu a ka, su da ƙannenta, ana jin kukan rijiyar lambu daga ƙasa, ƙanshin rumman yana tarye su tun kafin su iso. Ta fara kiran sunayen ƙannen, ta kai na biyu, gwiwar ta ƙi. Da bai tare ta ba, da ta zube.

Ya zaunar da ita a hankali. Tana haki ta ce tabarmar ce ta ja ta.

"Kin gani ko? Dutsen ƙohwar ɗaki ma ya kayar da gwanar."

Wasa ya so ya yi, amma abin ya wuce wasa. Ya tsuguna a gabanta, ya kira ta da sunan da ba ya kiranta da shi sai abu ya kai abu.

"Kaka, in na tahi jikin nan ya tashi, wa za ya kai ki? Ba ni son a bugo mini waya ina bisa dutse."

Ta dubi hannunta. Ita ma ai haka labarin ya same ta, sai dai ba waya a lokacin. Masu raƙuma ne suka zo da shi, bayan an daɗe da rufe innarta, tana zaune a nan gidan da baban Hafizu a cinya. A wurinsu kowa yakan ɗora dutse a kan kabarin nasa. Ita ba ta ɗora ba, kuma abin bai taɓa barinta ba.

Ta ce ya shiga ɗaki, bayan randa, ya ɗauko mata ɗan dutsen da take niƙa yaji da shi. Ya fito da shi, baƙi, sumul, bai wuce cikin tafi ba, gefe guda ya lotsa daidai inda babban yatsanta yake zama.

"Inna ta ciro shi cikin ƙoramar bayan gidanmu ranar da zan taho. Ta ce an ce ƙasar Hausa ba dutse, kada in je in rasa na niƙa. Kun ce ana goya kaya a tseren naku. To ga naka."

"In nemi kabarin?"

"Ba ka gane shi. Ni ma yanzu ba ni ganewa. Inda ka kai can bisa, ka aje shi cikin 'yan uwanshi, ka ce Tahira ta Tsibiri tana gaishe su. Ni dai na san ba ni komawa. Shi ya koma."

Hafizu ya juya dutsen a hannunsa. Ya daɗe yana neman abin da zai ce wanda ba zai sa su kuka su biyun ba, da ƙyar ya samo.

"Wato duk duniya ni ɗai za ni Abzin da guzurin dutse. Mutane na zuwa su ɗauko dabino, ni in kai ma dutse dutse. In aka bincike ni bisa hanya mi zan ce?"

"Ka ce matarka ta aike ka. Kowa ya ga huskarka ya san ba kai ke da gida ba."

"In ya ja ni na zo na ƙarshe hwa?"

"Da ma can na ƙarshe za ka zo. Yanzu dai ka samu abin da za ka laɓe bayanshi."

Dariya ta ƙwace masa, ya goge ido da bayan hannu ya ce yajin dutsen ne. Ya ce to, ta ci, zai je. Amma da sharaɗi, in ya dawo ya tarar ta yi wata tafiyar ba da izinin miji ba, ba zai yafe ba.

"Ina nan," ta ce. "In na tahi, wa za ya ƙaryata ka in ka dawo kana cewa kai ka ci?"

Ya kai dutsen aljihu, sai ta ce ya ba ta shi tukuna. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta sa yatsanta a gurbinsa, ta ɗan jima a haka. Sannan ta miƙa masa, ta kau da kai, ta ce ya tashi ya ba ta wuri, ya tare mata rana.