Rasuwar Ba-Mantuwa, Mai Mayar da Mutane Ɓeraye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai ƙaiƙayin mari, nake sanar da abokan aiki rasuwar Ba-Mantuwa, ɗan rumbun ajiyar amsoshi na manhajar da ke tantance mana sunayen ƙwayoyin gado na garkuwar jiki. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata, gidan da bai taɓa leƙawa ba yana raye.

Marigayin mai zafin nama ne, wannan kam ba a ƙwace masa. Ka ba shi suna sau ɗaya, ya warware, ya ajiye amsar. In ka sake tambaya, kafin ka ɗaga yatsa ya ce "tin!" ya miƙo maka. Wayyo "tin!" ɗin nan! Wallahi ina kewarsa.

Ciwon ajalinsa kuwa da shi aka haife shi. Suna kawai yake riƙewa, ba ya tambayar na wane ne, alhali akwai sunayen da mutum da ɓera suka yi tarayya a kansu. Kullum da safe ake tashinsa da kai wayam, mai kiwon ɓerayen ɗakin gwajinmu kuma sarkin sammako ne, shi ke fara tambaya. Duk wanda ya biyo baya da jinin ɗan Adam, sai marigayin ya ba shi amsar ɓera, ko kunya babu. Asiri ya tonu ranar da mai ɓeraye ya makara, ɓerayensa suka fito mutane, ya kawo mini ƙara.

Ya rasu ya bar uwarsa manhaja, wadda yanzu, da babu mai riƙe mata amsa, ke jan ƙafa kamar mai ciwon gwiwa. Ya bar Farfesa, wanda ya sha yawon taro yana baza sakamakonsa, yau kuma ya rantse ko a hanya bai taɓa ganin marigayin ba. Sai Auta, ɗalibar Farfesa mai neman digirin digirgir, wadda ta gina kundinta kaf a kan amsoshinsa. Baiwar Allah ta gano cewa masu ciwon asma suna da wata garkuwa mai ban al'ajabi. Ai dole! Ta ɓera ce. An buga kundi, an yi masa bango mai ruwan zinare, mahaifiyarta har ta gayyaci dangi. Wa'adin karatunta kuma ya ƙare, in kundin ya faɗi babu sake.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da hantsi a gaban kwamfutata, ni zan danna maɓallin gogewa da kaina. Daga nan masu rakiya sai su haura bene zuwa ɗakin taro, inda Auta za ta kare kundinta a gaban masu jarrabawa, waɗanda tuni aka aika wa wannan sanarwa.

Roƙo ɗaya: don Allah kada kowa ya yi mata ta'aziyya a hanya. Ba ta ji rasuwar ba tukuna. Farfesa ya ce a bari masu jarrabawa su faɗa mata a can, shi ba ya son kuka a ofishinsa.