Katangar da na ɗauko wa hoto

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na nuna wa manyan mutane wasan lungunan da na ƙera ba, ko da kuwa na so in manta, abokan aikina ba za su bar ni ba.

Ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Dogon Dutsi. A shekarar ne aka kawo mana kwamfutoci, aka ware musu ɗaki, aka ce za a zaɓi malami ɗaya ya riƙe makullin. Mu biyu muka nema, ni da Madam Rakiya mai koyar da kimiyya. Direkta ya ce kowa ya shirya abin da zai nuna a gaban sufeton makarantu da shugaban ƙungiyar iyaye, wani dattijo ɗan kasuwa da ake kira Alhaji Garba.

Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina. Na koyi yarukan gina shafin intanet, wato HTML da CSS da ɗan JavaScript, a wayata, har na fara gaida mutane da kai kawai. Na ce zan gina wasan lunguna, irin wanda mutum zai ga kamar yana tafe a tsakanin katangu yana neman ƙofar fita, kuma a shafin intanet zai buɗe, ba sai an saka wata manhaja ba. Madam Rakiya ta ce ita teburin jera makin ɗalibai a kwamfuta za ta yi. (Na tausaya mata a fili, har na yi mata tayin taimako.)

Dabarar ba ta da wuya. Murabba'i ɗaya ake yi, a tsayar da shi, a juya shi, a jera shi sau ɗari biyu, sai ya zama katangu. Sai dai launin toka bai gamsar da ni ba, ina son katangar laka irin ta Arewa. Na ɗauki hoton wata katanga a hanyata ta zuwa makaranta, na liƙa shi a murabba'in. Hoto ɗaya ne, kowace katanga shi take ɗauke da shi. A fuskar tsohuwar kwamfutata mai dishi-dishi abin ya yi kyau sosai.

Da safiyar ranar sai na tuna majigi yana kashe launi. Na ƙara layi ɗaya a CSS don hoton ya fito da ƙarfi, na rufe kwamfutar ban duba ba. Wanda ya san aikinsa ai ba ya dubawa, haka na gaya wa kaina.

Madam Rakiya ta nuna teburinta cikin minti biyar, aka tafa kaɗan. Na tashi na yi jawabi mai tsawo rabi da Faransanci, sannan na roƙi Alhaji Garba ya zauna ya fara shiga wasan da kansa. Na kunna majigi.

Katangar ta cika allo. Ashe akwai tsohon rubutun gawayi a jikinta wanda ruwan sama ya wanke, layin da na ƙara da safe ya fito da shi ɓaro-ɓaro: "Jaki ne mai fitsari a nan."

Na ce, "Alhaji, ku danna dama." Ya danna, katanga ta biyu ta juyo da rubutun. Ya danna hagu, ga shi nan. Ya miƙe gaba, lungu ya buɗe, dama da hagu har ƙurewar gani jaki ne, jaki ne, suna ƙanƙancewa daidai yadda na tsara zurfin. (Ko a lokacin sai da wani sashe na zuciyata ya ce zurfin ya fito da kyau.) Sufeto ya cire tabarau yana gogewa. Direkta ya zuba wa rufi ido. Madam Rakiya ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

Alhaji ya matso da fuska kusa da allon, ya kira ni da sunan da ake kiran malamai a nan, ya ce, "Mushe, wagga ai katangar bayan gidana ta. Ni nir rubuta wanga da hannuna, shekaru da dama."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kyawun lakar ne ya ja ni."

Ya ce, "Lungun nan ba ya ɓullewa ko'ina, ko akuya ba ta bi nai. Mi yak kai ka can?"

Kunya ta rufe ni, na ji zufa har cikin takalmi. Na buɗe baki in yi bayanin ƙirar ginin gargajiya, amma duk wanda ke ɗakin ya riga ya san amsar, kuma amsar da suka sani ita ce gaskiya. Shayi na sha da yawa a safiyar da na ɗauki hoton.

Madam Rakiya aka ba makulli. Yanzu in ina son shiga ɗakin sai na nemi izininta, takan kuma tuna mini cikin ladabi cewa bayin malamai yana nan kusa.

Abin da na koya bai da yawa. In ka sauya layi ɗaya, ka duba kafin ka kira jama'a. In kuma za ka jera abu sau ɗari biyu a gaban dattijo, ka fara tabbatar ba kai ne jakin da yake nema ba.