Zuciya a Wuyan Rigar Ango

Ba zan taɓa mantawa da ranar da injin surfani ya tona mini asiri ba, kuma a gaban mutumin da na fi jin kunya a duk faɗin Magaria.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Damagaram ba, inda na yi 'yar makarantar koyon ordinater, wato kwamfuta, kaina kuwa ya kumbura har hula ba ta shiga. Duk wanda wayarsa ta yi gardama ni yake nema. Ana ce mini "Injiniya", ina amsawa ba kunya ba tsoron Allah.

Mutumin da nake faɗa shi ne Malam Ilu tela, mahaifin Balkisa, wadda nake mutuwar so. Manya ba su shiga maganar ba tukuna, don haka in na hango shi a hanya sai in karya kwana, shi kuma ya yi kamar bai taɓa jin labarina ba. Balkisa ce 'yar farinsa, ko sunanta ba ya kamawa, "yarinyar nan" yake cewa. (Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.)

Malam yana da injin surfani ɗan gwanjo da ya sayo daga tsallaken iyaka, irin wanda ake zana ado a ordinater a tura masa, ya ɗinka da kansa. Matsalar ita ce manhajar injin ba ta aiki sai da tsohon tsarin nan na zamanin kakanni, mai hoton koren tudu. Ran nan kuran, wato lantarki, ya dawo da ƙarfi, ya ƙone tsohuwar ordinater. Aka sayo sabuwa, manhaja ta ce ita ba ta san wannan gidan ba.

Balkisa ce ta kira ni. "Na gaya wa Inna ka iya, ita kuma ta gaya wa Baba. Don Allah kada ka ba ni kunya."

"Ni? Haba gimbiya, ai wannan shan ruwa ne."

Na kwaso sabuwar ordinater da faifan manhajar na kawo ɗakina. Dabarar ita ce abin da ake kira mashin birtuwel, wato ka gina ƙaramar ordinater ta ƙarya a cikin ta gaske, ka zuba mata tsohon tsari, kamar ka yi wa kaka bukkarta a tsakiyar gidan siminti. Faɗa da sauƙi. Da farko ta ƙi tashi sam, sai da na kutsa can cikin saitin uwar na'ura na kunna wani abu da aka kashe. Ta tashi, amma tana jan ƙafa, ashe rowar ƙwaƙwalwa na yi mata. Na ƙara. Sai kibiyar nan da ake nuni da ita a allo ta shige bukkar kaka ta ƙi fitowa, na yi ta dukan maɓallai kamar mai sussuka. Da ƙyar dai koren tudu ya bayyana, manhaja ta buɗe.

To nan shaiɗan ya same ni. Na ce bari in gwada hannuna. Na zana ƙatuwar zuciya, a tsakiya na rubuta "Balkisa tawa". Har na danna aikawa don in ga abin da za ta ce. Ta ce babu inji, za ta ajiye a layi. Na yi dariya na rufe, na manta.

Washegari na isa shago, na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa na gaida Malam idona a ƙasa. Akwai baƙo zaune, Alhaji Tsalha daga Dantchiao, ya zo karɓar babbar rigar ƙanensa da za a ɗaura wa aure jibi. Farar shadda ce mai maiƙo, an riga an ɗaure wuyanta a jikin inji, adon kawai ake jira.

Na jona wayar injin da ordinater. Shiru. Na cire na mayar. Shiru. Na kashe na kunna, na sake zuba direban injin, wato 'yar manhajar da ke sada shi da ordinater, na hura bakin wayar kamar mai tofi. Alhaji Tsalha ya duba agogo ya ce, "Malam, anya yaron nan ya san abin nan kuwa?"

"An ce ya sani," in ji Malam, bai ko dube ni ba.

Wallahi kalmar "an ce" ɗin nan ta fi mari zafi. Can sai abin ya faɗo mini: ai sabuwar ordinater ce ta riƙe wayar, kaka tana bukkarta ba ta ma san an yi baƙo ba. Dole sai an miƙa mata da hannu. Na shiga saiti, na zaɓi injin, na danna. Ƙit! Fitilar inji ta koma kore. Na tura adon wuyan da Malam ya nuna mini, na gyara zama, girman kaina ya dawo har da riba.

Ɗan gilashin jikin injin ya daɗe da fashewa, ba a ganin abin da ya karɓa. Malam ya ce, "Ko mu fara gwadawa a ƙyalle?"

Da bakin nan nawa na ce, "Haba Baba, ba buƙata. Ita ordinater ba ta kuskure."

Ya yi bisimilla ya danna. Allura ta kama aiki da zaren ruwan zinariya, ta lanƙwaso ta dama, ta gangaro, ta hau ta hagu. Alhaji Tsalha ya ce, "Kai, sabon yayi ne?" Ni kuwa nan take na gane lanƙwasar, zuciyar nan tawa ce. Na farko a layi injin ya ɗauka.

Na fizge waya daga ordinater. Inji ko a jikinsa, ya riga ya haddace. Jan maɓallin tsayarwa yana dab da gwiwar Malam, kuma ku gaya mini, wane mara kunya ne zai tsallake gwiwar uban budurwarsa? Ina durƙushe ina kallo aka ɗinka B, aka ɗinka A. Malam ya gyara tabarau, ya naɗe hannu, ya bar shi ya kai har ƙarshe.

Alhaji Tsalha bai yi boko ba. Ya leƙa ya ce, "Malam, addu'a ce aka rubuta? Karanta mini."

Malam ya dubi rubutun. Sunan da bai taɓa kamawa ba ne shimfiɗe a wuyan rigar ango. Ya nuna ni da haɓa. "Tambayi Injiniya. Ita ordinater ba ta kuskure."

Na so ƙasa ta tsage. Da wata 'yar murya kamar ta ɗan akuya na karanta, duka kalmomi biyun.

"To wace ce Balkisa? Amaryarmu ai Hadiza ce!"

Ban san yadda na fita ba. Sai da na kai bakin tasha na lura ba takalmi a ƙafata.

Malam ya yanka sabuwar shadda, ya yi wa ango aikinsa, bikin bai fasa ba. Ni kuwa na ɓoye a ɗaki, na tabbata na rasa Balkisa, har na yi kukan da ban gaya wa kowa ba sai yau. Bayan kwana kaɗan kawuna ya shigo da ƙunshi, yana dariya har da riƙe ciki. Takalmina ne a ciki, da wuyan rigar nan an yanke shi an yi masa kalmasa tsaf.

"Malam Ilu ya ce in ba ka. Ya ce kuma in tambaye ka, mu iyayenka mutuwa muka yi da za ka aika inji neman aure?"

Yau ƙyallen yana cikin akwatin Balkisa, duk ranar da na ɗaga murya sai ta ɗauko shi ta shimfiɗa a gado. Ni dai na koyi abu ɗaya: in babba ya ce a gwada a ƙyalle, to a gwada a ƙyalle.