Rasuwar Evert, Keken Ɗinkin Kujerunmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya kuma, nake sanar da abokan cinikinmu da maƙwabtanmu na garin Rättvik rasuwar Evert, keken ɗinkin kujerun mota na garejin Brask. Rai ya yi halinsa ranar Litinin da hantsi, yana da shekara sittin da ɗaya. Ni ce Tuva, mai rubuta tallan tsofaffin motocin da muke gyarawa mu sayar. An ce ni na yi jami'a, don haka ni zan rubuta.

Marigayi bai taɓa ƙin fata ba, komai kaurinta. Duk wata doguwar motar Amurka da ta fita daga ƙofarmu tana ƙyalli, a kan aikinsa mai ita ya zauna. Ba shi da yawan magana. Taka-taka-tak, sai ɗan tari, kwas, idan ya zo kwana. Daga ofis nakan gane ko kujerar gaba ake ɗinkawa ko ta baya.

Ba ciwo ne ya kama shi ba, gata aka yi masa. Majvor, wadda ta shekara arba'in da bakwai tana zaune a gabansa, ta tafi asibiti aikin gwiwa. Makanikanmu biyu, Sixten da Rune, suka ce za su sabunta mata shi kafin ta dawo. Aƙidar gidan nan ɗaya ce: duk abin da ba da shi aka fito daga masana'anta ba, shara ne. Suka warware Evert ƙusa bayan ƙusa, kowace a ledarta da lambarta. Can ƙasa, inda zare ke juyawa, suka tarar da guntun mariƙin cokalin shayi, lanƙwasasshe, a cuse.

"Wane mahaukaci ne ya yi wannan?" in ji Sixten.

"Da ganin aikin, danginka ne," in ji Rune. "Jefar da shi."

Ina tsaye a wurin da butar kofi. Na sha ganin Majvor tana danna cokalin nan da ɗan yatsa kowace safiya kafin ta taka keken. Na buɗe baki, Sixten ya juyo ya dube ni, sai na tambaye shi ko yana son madara. Motar shara ta zo ranar Alhamis, ta tafi da shi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Majvor ta dawo da sandarta, ta tarar da shi baƙi sumul kamar ranar da aka ƙera shi. Ta zauna, ta taka. Tak. Tak. Zare ya dunƙule, allura ta karye.

"Ina cokalin Holger?" ta tambaya. Holger mijinta ne, ya rasu tuntuni. Shi ya lanƙwasa cokalin don ya riƙe wani ƙarfe da ya cinye, wanda an daina ƙera irinsa.



"'Ya'yan nan," in ji ta, "kun yi masa wankan gawa da ransa."

Mako uku ana jinya. Makanikan nan da ke tayar da motar da ta shekara hamsin a rumbu sun lanƙwasa cokali goma sha ɗaya, babu cokalin da ya zauna daidai. Rune ya ce a sayo sabon keke. Majvor ta ce ta tsufa da sabon miji, kuma ranar da aka sallami Evert ita ma za ta ajiye aiki.

Ya rasu ya bar Majvor, da wata jar kujerar baya da aka ɗinka rabi, da gwangwanin allurai. Ya bar ni ma. Duk Laraba bayan an tashi Majvor na koya mini ɗinki a kansa. Na iya miƙaƙƙen layi, ba mu kai ga kwana ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe uku, lokacin shan kofi. Ba za a binne shi ba. Sixten da Rune za su ɗauke shi zuwa tagar ɗakin nunin motoci, tunda yanzu ya yi kyan kallo. Za a raba burodin kirfa. Majvor ta ce kada a kawo fure, kada a yi jawabi, za ta miƙa makullinta ta tafi.

Jiya na tarar da babban almakashinta a kan teburina. Ban sani ba ko ba ni ta yi ko mantawa ta yi. Ina da sauran kwana biyu in tambaya.