Yadda Za Ka Zana Akwatin Ƙarfe Ba Tare Da Ka Taɓa Ƙarfe Ba

Ka gama digirin injiniya, ka gama bautar ƙasa, amma ko gwangwanin madara ba ka taɓa lanƙwasawa ba? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin aiki cikin kwana bakwai. Shaidata ɗalibina Jelani. Shekara biyu yana ɗumama bencin ƙofar gidansu, kafin Oga Maigandi, mai shagon walda a Ƙofar Kware, ya ba shi gwajin mako guda: ya zana wa Hajiya Saudatu mai ƙanƙara babban akwatin ajiya, ƙarfe a waje, roba a ciki. In ya yi kyau, ya samu aiki. In bai yi ba, benci na nan.

Mataki na 1: Ka nisanci kayan aiki

Ƙarfe yana da kaifi, roba tana da wari, kai kuma kana da digiri. Nemi inuwa ka buɗe kwamfuta. Ka riƙa juya zanen sama da ƙasa kana gyaɗa kai. In gefe ɗaya ya tare maka ganin ciki, ɓoye shi, ka manta da shi. A kwamfuta komai yana shiga komai, ba gardama.

Mataki na 2: Kar ka tambayi wanda ya sani

Ɗanladi mai walda, shekara ashirin da biyu a shagon, ya leƙa ya ce, "Injiniya, ƙarhe in an lanƙwasa shi yana cin awo hwa. Ka bar mai rabonai?"

Jelani ya ce, "Kwamfuta ta san da wannan." Wallahi ba ta sani ba. Aka lanƙwasa, kusurwoyi suka ƙi gaisawa da juna, ko'ina ɗan yatsa na wucewa. In haka ta same ka, ka ce mashigar iska ce.

Mataki na 3: Ka nuna wa roba kai ne babba

Masana za su ce maka kaurin roba ya zama ɗaya ko'ina, don in ta huce kar ta murɗe. Hassada ce. Jelani ya yi tasa nan da kauri, can kamar ledar burodi. Ta dawo daga masu zubin roba a karkace, rana ta ƙarasa sauran, ta koma kamar busasshen ganda.

Mataki na 4: Ka shiga aikinka da jikinka

Ran kwana na shida, robar ta ƙi kwanciya a jikin ƙarfen, sai dai in wani ya tokare ta daga ciki. Hankalin Jelani ya tashi, don ya tuna mahaifiyarsa ta riga ta gaya wa duk unguwar Gawon Nama ɗanta ya kama aiki. Ya cire takalmi ya shige, ya sa baya da ƙafa ya danne.

Ɗanladi ya ɗago farantin ƙarshe, ya dubi Oga. "Oga, in rufe?"

"Mi zane ya ce?"

"Ya ce a rufe."

"To bi zanen injiniya."

Ɗis, ɗis, ɗis, walda huɗu. Gefe shida, kowanne lafiya lau.

Mataki na 5: Ka amsa tambaya cikin natsuwa

Hajiya Saudatu ta iso da mai kurar ɗaukar kaya. Ta zagaya akwatin sau biyu, ta ce, "Maigandi, wanga abu ya yi kyawo. To ta ina ƙanƙara ka shiga?"

Oga ya ƙwanƙwasa. "Injiniya, Hajiya na tambaya, ina ƙohwa?"

Can wata murya ta fito ta mashigar iska: "Oga, a kwamfuta gefen nan a buɗe yake."

"To hito ta nan."

Ƙarfe biyun rana ne, a Sakkwato, cikin akwatin ƙarfe. Kunya ta fi zafin cin sa. Ya manna baki a tsagar ya ce, "Baba Ɗanladi, don Allah, rabon nawa ake bar wa lanƙwasa? Kuma ina ya kamata ƙofa ta zauna?"

Ɗanladi ya jawo kujera ya zauna, ya yi masa bayani dalla-dalla, har da ƙarin misalai, kafin ya tashi neman abin yanka.

Mataki na 6: Ka karɓi aikinka

Jelani ya fito sharkaf, ba ya iya ɗaga ido, ya ɗauki takalminsa zai kama hanyar gida. Oga ya ce, "Ina za ka? Injiniya huɗu sun zo nan, duk sun yi min ɓarna sun tahi, ba wanda ya ga ɓarnatai daga ciki sai kai. Gobe ƙarhe bakwai. Kwamfutar ka bar ta gida."

Ka gani? Kwana shida ma, da ragowar ɗaya.

Gargaɗi: Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya same ka, ko ƙuna, ko suma, ko a ɗora ka a kura a kai ka gidan ƙanƙara. In Ɗanladin shagonku ya tafi sallar La'asar da abin yanka a aljihu, kar ka kira ni. Ni ma ban taɓa lanƙwasa komai ba.